Sassan Can Cikin Ƙwaƙwalwa da Ƙaramar Ƙwaƙwalwa: Ƙirarsu da Ayyukansu

Ƙwaƙwalwar baligi nauyinta kusan kilo 1.4 ne, kuma abin da ido ke fara cin karo da shi idan an buɗe ƙoƙon kai shi ne ɓawonta mai ninke-ninke, wanda kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Ga wannan ɓawo ake jingina magana da lissafi da tsara al'amura, shi ya sa ya fi kowane sashe suna. A ƙarƙashinsa akwai farin nama, wato ɗimbin zaren jijiyoyi masu kai saƙo da komowa, kuma a cikin farin naman ne wasu curi-curi masu launin toka suke binne: talamus, haifotalamus da basal gangiliya a tsakiya, sai hifokamfus da amigdala a ɓangaren da ke daura da kunne. Daga nan kututturen ƙwaƙwalwa ya sauka ya haɗe da laka. Ƙaramar ƙwaƙwalwa kuma, wadda likitoci ke kira sarabelum, tana maƙale a bayansa ta wajen ƙeya.

Ɓawo bai isa ya yi aikinsa shi kaɗai ba. Kusan duk labarin da ke isa gare shi sai an tace shi a ƙasa, motsin da ya yi niyya sai an ba shi hanya an kuma daidaita shi, farkawarsa ma daga ƙasa ake kunna ta. Da yake waɗannan sassa a cunkushe suke a ɗan ƙaramin wuri, raunin da bai kai santimita guda ba kan jawo nakasar da rauni mai faɗi a ɓawo ba zai jawo ba. Yawancin abin da aka sani game da su daga jikin majinyata aka koye shi.

Talamus curi biyu ne, dama da hagu, tsawon kowanne kusan santimita 3 zuwa 4, da wani siririn kogo mai ruwan ƙwaƙwalwa a tsakaninsu. Kowane curi a rarrabe yake gungu-gungu. Saƙon ido yana ya da zango a gungu guda kafin ya wuce ɓawon ƙeya, na kunne yana da nasa gungun, haka na taɓi da zafi da sanyi. Ƙamshi da wari ne kaɗai ke isa ɓawo ba tare da sun fara bi ta nan ba. An daɗe ana ɗaukar talamus a matsayin mai miƙa saƙo kawai, amma wannan fahimta ta gaza, domin zaren da ke saukowa daga ɓawo zuwa talamus ya fi wanda ke hawa yawa. Ma'ana, ɓawo yana da ta cewa a kan abin da za a bari ya iso gare shi, kuma da haka ne mutum ke iya sauraron murya ɗaya a cikin hayaniya. Idan barci ya yi nauyi, ƙwayoyin talamus kan sauya salon harbawarsu su toshe yawancin saƙonnin waje. A 1986 Elio Lugaresi da abokan aikinsa a birnin Bolonya na Italiya suka bayyana wata cutar gado da ba a cika samu ba, wadda ke cinye wasu gungun talamus, mai ita ya rasa barci sannu a hankali har ta kai shi ga mutuwa. Abin da aka fi gani a asibiti shi ne wanda Dejerine da Roussy suka bayyana a Faransa a 1906: jini ya katse wa talamus, ɓarin jiki na ɗaya gefen ya dushe, bayan makonni ko watanni sai wani raɗaɗi mai ƙuna ya taso a wurin, har taɓin riga ya zama azaba, magungunan ciwo na yau da kullum kuma ba su cika yi masa komai ba.

A ƙarƙashin talamus ta gaba haifotalamus yake, nauyinsa kusan giram 4 kacal. Aikinsa tsare ma'aunin jiki. Yana riƙe ɗumin jiki a wajen digiri 37: idan jini ya yi zafi ya sa a yi gumi, idan ya yi sanyi ya sa rawar ɗari. Zazzaɓi ma shi ke kawo shi. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki kan sa a samar da wani sinadari da ke ɗaga ma'aunin da haifotalamus ke bi, sai mutum ya ji sanyi alhali jikinsa na ɗaukar zafi, farasitamol kuma samuwar wannan sinadari yake ragewa. Akwai ƙwayoyin da ke auna kaurin gishirin jini, canjin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ya isa su tayar da ƙishirwa su kuma saki sinadarin basofiresin, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Dalilin ke nan fitsarin mai azumi kan ragu ya yi duhu da yamma. Wanda ya rasa wannan sinadari kan yi fitsarin da ya haura lita 10 a yini. Oksitosin mai tsuke mahaifa a naƙuda da zubo da nono ga jariri shi ma a nan ake yin sa. Ta wani ɗan siririn reshe haifotalamus ke juya halittar fituwitari da ke rataye a ƙarƙashinsa, ita kuma ta juya girma da balaga da haila da aikin halittar maƙoshi. Roger Guillemin da Andrew Schally sun sami kyautar Nobel a 1977 saboda gano sinadaran da ake aika wannan umarni da su. Agogon jiki ma nan yake, gungun ƙwayoyi kusan 20,000 a saman mahaɗar jijiyoyin ido, wanda hasken rana ke saita shi kullum.

Basal gangiliya sun fi wuyar fahimta, domin ba su da hanya kai tsaye zuwa tsoka. Guda biyar ne a kowane gefe: kodet da futamen masu karɓar saƙo daga kusan ko'ina a ɓawo, falidus mai fitar da sakamako, wani ɗan curi a ƙarƙashin talamus, sai baƙin curi da ke saman kututture. Saƙo kan taso daga ɓawo ya ratsa su, ya bi ta talamus ya koma ɓawo. Abin lura shi ne, ko mutum na zaune shiru, falidus yana ta harba saƙon hani da ke danne talamus. Idan za a yi wani motsi, sai futamen ya danne falidus na ɗan lokaci a daidai layin wannan motsi, hanya ta buɗe masa, sauran motsin da ka iya yin karo da shi kuma a ƙara danne su. Aikinsu ke nan a taƙaice: zaɓen abin da za a yi da hana wanda ba a so. Sinadarin dofamin da baƙin curi ke aikowa shi ke sa buɗe hanyar ya yi sauƙi.

Cututtukan wannan yanki sun rabu biyu bisa wannan tsari, ko hani ya yi yawa ko ya yi kaɗan. A 1817 wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana cutar da yanzu ke ɗauke da sunansa. Ƙwayoyin baƙin curi ne ke mutuwa a hankali, kuma alamu ba sa fitowa sai kusan rabinsu ko fiye sun tafi. Motsi ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, hannu ya riƙa karkarwa idan yana ajiye, taku ya gajarta, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daina nuna abin da ke zuci. Ƙarfin tsoka yana nan, fara motsin ne ke gagara. Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa dofamin ɗan saƙo ne mai zaman kansa a ƙwaƙwalwa, a 1960 Oleh Hornykiewicz ya gano ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar, a 1967 kuma George Cotzias ya nuna yadda za a ba da maganin lebodofa ya yi aiki sosai. Har yau shi ne jigon magani. Daga 1987 Alim-Louis Benabid a Faransa ya buɗe wata hanyar, ta dasa siririyar waya mai aika lantarki cikin curin da ke can cikin ƙwaƙwalwa. A ɗaya ɓangaren akwai cutar Huntington, ta gado, wadda aka bayyana a 1872 aka kuma gano ƙwayar halittarta a 1993. Ita kodet da futamen take ci, hani ya kwance, gaɓoɓi su riƙa fizge-fizge ba da son mai su ba. Irin wannan fizga kan sami yara bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitiref da ba a yi wa magani ba, amma wannan yakan lafa.

Shawarar jarirai ma nan take yin ɓarnarta. Idan sinadarin da ke sa jiki ya yi rawaya ya hau sosai a makon farko na haihuwa, yakan shiga ƙwaƙwalwa ya lalata falidus da cibiyoyin ji, yaro ya tashi da murɗewar gaɓoɓi da kurumta, sau da yawa hankalinsa lafiya lau. A Afirka ta Yamma, inda ƙarancin sinadarin G6PD na gado ya yawaita, ƙwallayen kafur da ake sa wa kayan jarirai suna cikin abubuwan da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini su tsananta shawarar. Nakasa ce da hasken shuɗi na asibiti ko musanya jini kan hana aukuwarta idan an kai jariri da wuri.

Basal gangiliya ba a motsi suka tsaya ba. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya nuna a jikin birai cewa ƙwayoyin dofamin sun fi harbawa idan lada ya zarce abin da aka zata, su yi tsit idan ladan da aka sa rai bai zo ba. Da wannan saƙo ake kafa sabo, mai kyau da mummuna, kuma kayan maye kusan duka wannan hanya suke tunzurawa.

Tsakanin talamus da futamen akwai wani farin zirin da ya cancanci a tsaya a kansa. Zaren motsi da ke saukowa daga faffaɗan ɓawo, na fuska da hannu da ƙafa, duk a nan suke matsuwa su wuce tare, kamar yadda hanyoyin karkara ke haɗuwa a ƙofar ganuwa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da wurin ƙanana ne, sun ɓalle kai tsaye daga babbar jijiya, saboda haka matsin jini ke dukansu ba sassauci. Hawan jinin da aka bari shekaru ba kulawa yakan toshe su ko ya fasa su, kuma futamen shi ne wurin da irin wannan zubar jini ta fi aukuwa. Sakamakon shi ne shanyewar ɓarin jiki gaba ɗaya a ɗaya gefen.

Hifokamfus wani naɗaɗɗen tsohon ɓawo ne da ya shige ciki. An fahimci aikinsa daga Henry Molaison, Ba'amurken da William Scoville ya cire wa yawancin wannan yanki ta gefe biyu a 1953 don rage masa farfaɗiya, yana da shekara 27. Farfaɗiyar ta ragu, amma har rasuwarsa a 2008 sabon abu ba ya zama masa a kai: wanda ya gaisa da shi ɗazu, in ya fita ya dawo baƙo ne. Brenda Milner ta sa shi koyon zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, ya riƙa ƙwarewa kullum alhali bai tuna ya taɓa gwadawa ba. Wannan ya tabbatar da cewa tuna abin da ya faru daban, iya aikin hannu daban, kuma na biyun ya dogara ne da basal gangiliya da ƙaramar ƙwaƙwalwa. A 1971 John O'Keefe ya gano ƙwayoyin hifokamfus da ke harbawa idan ɓera ya isa wani takamaiman wuri, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2014. Cutar mantuwa ta Alzheimer daga wannan yanki take farawa. Amigdala da ke gabansa tana saurin gane haɗari ta shirya jiki kafin tunani ya kammala. Kiranta cibiyar tsoro ya wuce gona da iri, domin a 2013 an ga majinyatan da ta lalace musu ta gefe biyu sun firgita ƙwarai da aka shaƙa musu iska mai yawan kabon.

Kututturen ƙwaƙwalwa hawa uku ne: na sama, sai fons mai tudu a tsakiya, sai medula da ke haɗewa da laka. Daga cikin jijiyoyin kai 12, goma da shi suke haɗe, su ke juya ido da tauna da motsin fuska da ji da haɗiya da harshe. A ƙasan medula kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na zaren motsi ke tsallakawa ɗaya gefen, abin da ya sa raunin dama ke shanye hagu. Numfashi da bugun zuciya da matsin jini da tari da amai duk daga nan ake sarrafa su, kuma kodin da sauran dangin ofiyom idan suka yi yawa cibiyar numfashin nan suke kashewa. A 1949 Moruzzi da Magoun suka nuna cewa wata ragar ƙwayoyi a tsakiyar kututture ce ke riƙe ɓawo a farke, rauninta kan jefa mutum dogon suma. Idan kuwa gaban fons ne ya lalace ragar ta tsira, mutum yana ji yana gani amma ba abin da zai iya motsawa sai ƙifta ido da ɗaga shi. Haka ta sami ɗan jaridar Faransa Jean-Dominique Bauby a 1995, wanda ya shifta littafi guda da ƙiftawar idonsa na hagu.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa nauyinta kusan giram 150 ne, wajen kashi 10 cikin ɗari na dukan ƙwaƙwalwa, amma ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka fitar a Burazil a 2009 ta nuna cewa daga ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, wajen biliyan 69 a cikinta suke. Babban ɓawo biliyan 16 gare shi. Ninkinta sirara ne a jere, waɗanda in an warware su za su ba da ƙyalle mai tsawon kusan mita guda. Tana da ɓari biyu da wani ziri a tsakiya, kuma damin zare uku a kowane gefe ke ɗaure ta da kututture. Zirin tsakiya ke kula da gangar jiki da tafiya, ɓarin gefe da gaɓoɓi da tsara motsi mai sarƙaƙiya, wani ɗan tsohon yanki a ƙasa kuma da tsayuwa da motsin ido, tare da haɗin kan cikin kunne.

Ƙirar cikinta iri ɗaya ce daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma tana cikin waɗanda aka fi sani a dukan ƙwaƙwalwa. Manyan ƙwayoyin da Jan Purkinje ɗan ƙasar Cek ya gano a 1837 suna jere sahu guda, kowace ta baje rassanta a shafe. Ƙananan ƙwayoyi biliyoyi da ke ƙarƙashinsu suna aika siraran zare da ke ratsa waɗannan rassa, har ƙwayar Purkinje guda kan karɓi saƙo daga zare fiye da 100,000. Ban da su, akwai zare ɗaya tak da ke hawowa daga medula ya nannaɗe ta, kuma harbinsa guda ya isa ya girgiza ta. Ƙwayoyin Purkinje su ne kaɗai mafitar ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa, saƙonsu na hani ne, zuwa wasu curi huɗu da ke binne a kowane ɓari. A kan ƙaramar ƙwaƙwalwar tsuntsaye Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya fara nuna a 1888 cewa kowace ƙwayar jijiya mai zaman kanta ce. David Marr a 1969 da James Albus a 1971 suka kawo ra'ayin cewa wannan tsari na koyo ne, zaren nan guda shi ke karantar da ƙwayar, Masao Ito na Jafan kuma ya nuna a 1982 cewa harbin zaren yana raunana mahaɗun da suka yi aiki tare da shi. Har yanzu ana muhawara a kan wasu rassan bayanin, amma gindinsa ya tsaya.

Abin da ƙaramar ƙwaƙwalwa take yi shi ne gwada niyya da sakamako. Kwafin umarnin da ɓawo ya aika wa tsoka yana zuwa mata ta fons, labarin inda gaɓoɓi suke yana zuwa daga laka da kunne da ido. Da waɗannan take hasashen inda hannu zai kai kafin ya kai, ta gyara ƙarfi da lokaci. Motsi mai sauri ba ya jiran rahoto ya dawo daga gaɓa, dole a yi hasashe. Ita ke sa ido ya tsaya a kan rubutu ko da kai na juyawa, kuma binciken Sarah-Jayne Blakemore na 1998 ya nuna hannunta a dalilin da ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli, tunda an riga an san abin da za a ji an rage kaifinsa.

Pierre Flourens ya nuna a 1824 cewa tattabarar da aka cire wa wannan sashe ba ta shanye, tangaɗi take yi. Gordon Holmes ya tabbatar da haka a 1917 a jikin sojojin da harsashi ya sama a ƙeya a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Majinyaci kan yi tafiya ƙafafu a ware yana layi, in an ce ya taɓa hancinsa sai yatsa ya zarce ko ya gaza, karkarwa ta ƙaru yayin da yake kusantar abin da yake nufi, akasin ta Parkinson. Magana ta riƙa fita gutsi-gutsi, ido ya riƙa rawa. Alamun suna fitowa a gefen da raunin yake, saɓanin babbar ƙwaƙwalwa, domin hanyoyinta sau biyu suke tsallakawa. Barasa ce sananniyar mai taɓa ta, na ɗan lokaci a tangaɗin mashayi, na dindindin idan shaye-shaye ya daɗe. Maganin farfaɗiya na fenitoyin idan ya yi yawa yana kawo irin wannan, haka ƙarancin bitamin B1. A ƙasar Ijesha da ke kudu maso yammacin Najeriya an daɗe ana ganin tangaɗi da karkarwa da damina, har Bola Adamolekun ya danganta shi da cin wata tsutsar siliki, wadda aka tabbatar tana ɗauke da sinadarin da ke rusa wannan bitamin. A wajen yara kuwa, ƙarin ƙwaƙwalwa ya fi yawa a wannan yanki.

Tun 1998, lokacin da Jeremy Schmahmann ya bayyana majinyatan da raunin bayan ƙaramar ƙwaƙwalwa ya taɓa musu tsara tunani da harshe da ɗabi'a, an daina ɗaukarta a matsayin ta motsi kaɗai. Sai dai ba ta zama dole ga rayuwa ba idan an rasa ta tun daga ciki: a 2014 likitoci a ƙasar Sin suka ba da rahoton wata mace mai shekara 24 da aka haifa ba ta da ita sam, ta yi jinkirin tafiya da magana, tana layi, amma ta yi aure har ta haihu. Baligin da ya rasa ta farat ɗaya ba ya samun wannan sauƙi. Haɗarin ma ya wuce tangaɗi, domin ɗakin da take zaune a ƙeya matsattse ne, tare take da kututture da mashigar ruwan ƙwaƙwalwa. Idan jini ya zuba a cikinta ko ta kumbura, takan toshe ruwan ta danne medula cikin sa'o'i. Jiri na farat ɗaya da amai da ciwon ƙeya da kasa tsayuwa, musamman ga mai hawan jini, alamu ne na gaggawa ko da hannu da ƙafa suna motsi, kuma tiyatar da aka yi kafin suma ta zo takan ceci rai.